Bin Salsala ta Hanyar Tsofaffin Takardu: Misali daga Zuriyar Italiyawan Amurka

1.0 Gabatarwa

Babu al'ummar da ba ta damu da sanin asalinta ba. Abin da ya bambanta shi ne inda kowace take ajiye wannan sani, wasu a bakin tsofaffi, wasu kuwa a kundayen wuraren ibada da ofisoshin hukuma. Wahala takan taso ne sa'ad da ƙaura ta raba mutane da inda aka ajiye labarinsu, har aka yi zuriya biyu ko uku ba a waiwaya ba. Irin wannan hali ne ya sami zuriyar Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka. A yau akwai fiye da mutum miliyan 16 a Amurka da ke danganta asalinsu da Italiya, amma da yawa daga cikinsu iyakar abin da suka gada shi ne sunan zuriya, da 'yan kalmomi na karin harshen kakanni, da zancen cewa kakan nasu "daga Napoli ya zo". Sau da yawa kuwa Napoli ɗin nan tashar da ya shiga jirgi ce kurum, garinsa yana can cikin duwatsu, tafiyar kwana ɗaya ko biyu.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake bin sawun irin waɗannan kakanni ta hanyar tsofaffin takardu, tun daga Amurka har zuwa ƙauyen da aka haife su. Za a nuna cewa aikin duka ya rataya ne a kan abu biyu, watau sanin ainihin garin da mutum ya fito, da sanin yadda aka rubuta sunansa kafin ya bar gida. Wanda ya sami waɗannan biyu yana iya komawa baya shekara ɗari uku ko huɗu, wanda kuwa bai same su ba ko ƙofar kundayen Italiya ba zai iya buɗewa ba.

2.0 Tarihin Ƙaurar a Taƙaice

Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai cikin 1861. Kafin nan masarautu ne dabam-dabam, kowace da dokokinta da yadda take tsare takardunta. Yankin Veneto ya shigo cikin 1866, birnin Rum kuwa sai 1870. Haɗewar ba ta sauƙaƙa wa manoma ba, musamman na kudu. Ƙasar noma tana hannun 'yan tsiraru, haraji ya ƙaru, ga ɗaukar soja ta dole, ga faɗuwar farashin alkama, ga zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka tsakanin 1876 da 1915 kimanin mutum miliyan 14 suka bar ƙasar. A shekarar 1913 kaɗai fiye da mutum 870,000 ne suka fita.

Da farko mutanen arewa ne suka fi yawa, suna nufar ƙasashen Turai da Ajantina da Barazil. Daga baya mutanen kudu da tsibirin Sisili suka rinjaya, kuma Amurka suka fi nufa, inda fiye da mutum miliyan 4 suka sauka tsakanin 1880 da 1924. Dokar shige da fice ta 1921 ta kayyade adadinsu zuwa kimanin 42,000 a shekara, sa'an nan ta 1924 ta sake rage shi zuwa 3,845. Daga nan babbar ƙaurar ta tsaya.

Akwai abu biyu game da wannan ƙaura da mai bincike ya kamata ya riƙe. Na farko, da yawa daga cikin mazan 'yan ci-rani ne, suna zuwa su yi aiki 'yan shekaru su koma. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi sun koma gida. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga sunan mutum ɗaya a jirage biyu ko uku cikin shekaru dabam-dabam. Na biyu, ba a tafiya a warwatse. Ɗaya yakan tafi, ya aiko da kuɗin jirgi wa ƙane ko suruki, shi ma ya jawo wani, har unguwa guda a Amurka ta cika da mutanen ƙauye ɗaya. Garin Roseto da ke jihar Pennsylvania misali ne. Mutanen Roseto Valfortore, wani ƙauye a lardin Foggia, su suka fara isa yankin cikin 1882 don aikin fasa dutse, suka kafa garin, suka raɗa masa sunan na gida.

3.0 Matsayin Gari a Wannan Bincike

Talakan da ya bar Italiya a wancan zamani garinsu ya sani kafin ƙasa. Italiyawa suna da kalma ta musamman ga wannan hali, campanilismo, daga sunan hasumiyar ƙararrawar coci, watau nasa su ne waɗanda ke jin ƙararrawar cocin garinsu. Harshe ma ya ƙarfafa wannan. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa a 1861 kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na jama'a ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci. Wani masani, Arrigo Castellani, ya kai adadin kusan kashi 10. Ko wanne aka ɗauka, mafi yawan jama'a da karin harshen yankinsu suke magana, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu ba su iya karatu da rubutu ba. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce, yawancin waɗannan mutane ba su bar wasiƙu ko littafin tarihin gida ba. Abin da ya rage game da su shi ne abin da wani akawu ko limamin coci ya rubuta a kansu.

Tsarin mulki ma haka ya tafi. Haihuwa da aure da mutuwa duk a ofishin hukumar gari ake rubuta su, wadda ake kira comune, kuma irin waɗannan hukumomi sun kai kimanin 7,900 a yau. Babu wani kundi guda da ya tara sunayen dukan waɗanda aka haifa a ƙasar cikin ƙarni na 19. Bugu da ƙari, garuruwa da yawa suna ɗaya gare su. Akwai San Giovanni da Castelnuovo a larduna masu yawa, don haka dole a san lardin tare da garin. Wannan ne ya sa ake fara bincike daga Amurka a koma baya, daga abin da aka sani zuwa abin da ba a sani ba.

4.0 Takardun da ke Amurka

4.1 Abin da ke cikin gida

Matakin farko shi ne tattara abin da ke hannun dangi, kamar tsohon fasfo, da takardar sallama daga soja, da ambulan mai hatimin gidan waya, da hoton da aka yi rubutu a bayansa, da katin jana'iza. Sunan waliyyin da iyali ke yi wa biki kowace shekara ma alama ce, domin kowane gari a Italiya yana da nasa, kuma ƙungiyoyin taimakon juna da 'yan gari ɗaya suka kafa a Amurka sukan ɗauki sunan garin ko na waliyyinsa. Ana kuma tambayar tsofaffi, a rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, ba tare da an gyara lafazin ba, domin sunan gari a karin harshe yakan bambanta da yadda yake a taswira.

4.2 Ƙidayar jama'a

Amurka tana ƙidaya kowace shekara goma, kuma ana buɗe takardun ga jama'a bayan shekara 72. An buɗe ta 1950 cikin Afrilu 2022. Ƙidayoyin 1900 zuwa 1930 sun tambayi shekarar da baƙo ya shigo ƙasar da matsayinsa, watau ko har yanzu baƙo ne, ko ya nemi zama ɗan ƙasa, ko ya riga ya zama. Ta 1890 kuwa, wadda da ta yi amfani ƙwarai, mafi yawanta ta salwanta sakamakon gobarar da aka yi a Washinton cikin Janairu 1921. Ƙidaya ba ta faɗin gari, "Italiya" kawai take cewa, kuma shekarun da ke ciki sukan yi karo da juna, domin wanda aka tarar a gida shi ke amsawa. Amfaninta shi ne ta nuna iyali a dunƙule, ta kuma nuna maƙwabta, waɗanda galibi 'yan gari ɗaya ne.

4.3 Takardun zama ɗan ƙasa da na soja

Kafin 27 ga Satumba 1906 kowace kotu mai rajista tana iya ba mutum zama ɗan ƙasa, kuma abin da ake rubutawa kaɗan ne, sau da yawa suna da ƙasa kawai. Daga wannan rana gwamnatin tarayya ta fito da fom iri ɗaya, wanda ke neman garin haihuwa, da ranar haihuwa, da sunan jirgi, da ranar sauka, da sunan mata da na 'ya'ya. Abin lura shi ne, kafin dokar 1922 mace tana zama 'yar ƙasa ne ta hanyar mijinta, don haka ba a cika samun takarda da sunanta ba. Haka kuma a 1917 da 1918 an yi wa maza kimanin miliyan 24 rajistar soja, har da baƙi, kuma katin rajistar Yuni 1917 ya tambayi garin haihuwa.

4.4 Jerin fasinjojin jirgin ruwa

Tun daga 1820 doka ta wajabta wa kowane jirgi ya miƙa jerin fasinjojinsa. A Niyok, daga 1855 zuwa 1890 a Castle Garden ake karɓar baƙi. Ranar 1 ga Janairu 1892 aka buɗe tashar Tsibirin Ellis, wadda fiye da mutum miliyan 12 suka bi ta cikinta kafin a rufe ta a 1954. Ba kowa ne ya sauka a Niyok ba. Wasu ta Boston ko Philadelphia suka shigo, mutanen Sisili da yawa kuwa ta New Orleans.

Darajar jerin ta danganta da shekararsa. Na farko-farko suna da shekaru da sana'a da ƙasa kawai suke ɗauke da su. Daga 1893 aka ƙara wurin zama na ƙarshe, da wanda ya biya kuɗin jirgi, da ɗan'uwan da za a sauka wurinsa. A 1906 aka ƙara garin haihuwa da kamannin jiki, a 1907 kuma aka ƙara suna da adireshin dangi mafi kusa da aka baro a gida. Layi ɗaya na jerin 1910, alal misali, yana iya ba da sunan gari, da sunan uba ko matar da aka baro, da sunan ɗan'uwan da ya riga ya iso. Tun Afrilu 2001 aka sa jerin Tsibirin Ellis a intanet, bayan masu aikin sa-kai sun kwafe sunaye kimanin miliyan 22 na shekarun 1892 zuwa 1924. Sai dai masu kwafar sun yi fama da rubutun hannu, don haka wajibi ne a duba hoton takardar kanta, kada a dogara ga fihirisa kaɗai.

5.0 Matsalar Suna

Akwai labarin da ya yaɗu a gidaje da yawa, cewa ma'aikatan Tsibirin Ellis ne suka canza wa kakanni suna saboda sun kasa furta shi. Takardu ba su goyi bayan wannan labari ba. A tashar da jirgi ya taso ake cika jerin, a Genoa ko Napoli ko Palermo, kuma akawun kamfanin jirgi ne ke cikawa. Aikin ma'aikacin Tsibirin Ellis shi ne ya duba jerin da aka kawo, ya yi wa baƙo tambayoyi a kansa, kuma akwai tafintoci masu yawa. Fiorello La Guardia, wanda ya zama magajin garin Niyok daga 1934 zuwa 1945, tafinta ne a can daga 1907 zuwa 1910. Canjin suna daga baya ya faru, a wurin aiki, ko a makaranta, ko da nufin mai sunan kansa don ya saje da jama'a. Ta haka Giuseppe ya koma Joseph, Giovanni ya koma John, Salvatore ya koma Sam, Vincenzo kuwa sau da yawa ya koma James ba tare da wata dangantaka ta ma'ana ba. Sunayen zuriya ma an yanke wa wasu wasalin ƙarshe, an kuma fassara wasu. Saboda haka da sunan Italiyanci ake neman mutum a jerin jirgi.

Mata suna da tasu ƙa'ida. A takardun Italiya mace ba ta barin sunan zuriyar ubanta ko bayan aure. Uwa takan shiga jirgi da sunan gidan ubanta, 'ya'yan da ke tare da ita kuwa da na ubansu. Wanda ya neme ta da sunan miji ba zai gan ta ba.

Al'adar raɗin suna ma tana taimako, tana kuma rikitarwa. A yawancin yankuna, musamman kudu, ɗan fari namiji yakan ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari ta ci na kakarta ta wajen uba, na biyu kuma su ci na wajen uwa. Idan yaro ya rasu, akan mayar da sunansa ga wanda aka haifa bayansa. Amfanin wannan shi ne, daga sunayen 'ya'ya ana iya hasashen sunayen kakanni. Illarsa kuwa, mutumin da ya haifi maza huɗu yana iya samun jikoki huɗu masu suna ɗaya da sunan zuriya ɗaya, a gari ɗaya, kuma kusan tsara ɗaya. Akawunan Italiya suna rarrabe su da sunan uba. Idan an rubuta "Giuseppe di Antonio", uban yana raye a lokacin. Idan kuwa "Giuseppe fu Antonio" aka rubuta, uban ya rasu. Wannan 'yar kalma tana iya nuna tsakanin shekarun da za a nemi takardar mutuwarsa. Jama'ar gari kuwa da laƙabin gida suke rarrabewa. A garin Chioggia kusa da Venice, masu sunan Boscolo da Tiozzo sun yi yawa har hukuma ta amince a riƙa sa laƙabin a takardun hukuma.

6.0 Takardun da ke Italiya

6.1 Rajistar hukuma

Mulkin Napoleon ne ya kawo rajistar hukuma Italiya, a arewa daga 1806, a masarautar Napoli daga 1809. Bayan faɗuwarsa a 1815 yankuna da dama na arewa suka mayar da aikin hannun coci, amma kudu ta ci gaba, kuma Sisili, wadda Napoleon bai taɓa ci ba, ta fara a 1820. Daga 1 ga Janairu 1866 aka yi tsari ɗaya ga ƙasar, Veneto da Rum suka bi a 1871. Don haka zuriyar mutanen kudu, waɗanda su ne suka fi talauci, su suka fi samun dogon jerin takardun hukuma marar yankewa.

Kowane kundi kwafe biyu ake yi, ɗaya ya zauna a ofishin gari, ɗaya a kai kotun yanki, daga baya a miƙa shi ma'ajiyar takardun gwamnati ta lardi. Daga kwafen nan na biyu ne aka ɗauki hotunan miliyoyin shafuka aka sa a dandalin Antenati, wanda hukumar ma'ajiyoyin Italiya ta buɗe a 2011 tare da haɗin gwiwar FamilySearch, kuma kyauta ake dubawa.

Takardar haihuwa tana ba da sunan uba da shekarunsa da sana'arsa, da sunan uwa, da unguwar da aka haihu, da shaidu. Kwanan wata biyu ne a ciki, na ranar da aka zo faɗa, wanda ke sama, da na ranar haihuwar, wanda ke tsakiyar rubutu, kuma masu gaggawa sukan ɗauki na farko. Wani lokaci ungozoma ce ke zuwa faɗa, musamman idan uban yana ci-rani, kuma akan rubuta dalilin rashin zuwansa. A hashiyar shafin kuma akan ƙara bayanin auren mai takardar ko mutuwarsa bayan shekaru.

Takardun aure sun fi kowanne albarka. Kafin a ɗaura aure ango da amarya sukan kawo tarin takardu, waɗanda a kudu ake kira processetti. A ciki akwai kwafen haihuwarsu, da na mutuwar iyayen da suka rasu, kuma idan uba ya rasu har da na mutuwar kaka na wajen uba, domin doka tana son a tabbatar da wanda ke da ikon ba da izini. Ta haka auren da aka yi a 1830 yana iya kai mai bincike ga mutanen da aka haifa a tsakiyar ƙarni na 18. Akwai kuma wani tarko a nan. Daga 1866 zuwa 1929 hukuma ba ta san auren coci ba sai na ofis. Ma'auratan da suka tsaya ga na coci, sai a rubuta 'ya'yansu kamar an haife su ba da aure ba, har sai sun yi na ofis sa'an nan a halatta su. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗora wa kakanninsa abin da ba su yi ba.

6.2 Kundayen coci

Idan rajistar hukuma ta ƙare, sai a koma ga coci. Majalisar Trent ta cocin Katolika ta umarta a 1563 cewa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure, a 1614 kuma aka ƙara mutuwa da lissafin mutanen kowane gida. Wannan lissafi, da ake kira stato delle anime, yana jera mai gida da matarsa da 'ya'yansu da shekarunsu, gida bayan gida. Galibi da Latinanci aka rubuta kundayen, da gajerce-gajercen kalmomi, sunaye ma a sigar Latinanci suke, Giovanni ya zama Joannes, Giuseppe ya zama Joseph. Yawancinsu har yanzu suna cocin da aka rubuta su ko a ofishin bishop, kuma sai da izini ake dubawa.

6.3 Soja da haraji

Bayan haɗewar ƙasa akan jera dukan samarin da aka haifa a shekara guda a kowane gari don binciken shiga soja. Jerin yana ba da sunayen iyaye, da tsawo, da sana'a, da ko saurayin ya iya karatu. Wanda bai zo ba akan rubuta shi cikin masu ƙin amsa kira, kuma sau da yawa a ƙara cewa yana ƙasar waje. Tun da a ma'ajiyar lardi ake ajiye waɗannan, suna taimakon wanda ya san lardi amma bai san gari ba. A masarautar Napoli kuma akwai babban kundin haraji, catasto onciario, wanda Sarki Carlo na gidan Bourbon ya sa aka fara a farkon shekarun 1740. Yana jera kowane gida da mutanensa da gonakinsa da dabbobinsa da basussukansa. Sai dai kundin haraji ne, kuma ba mai faɗa wa mai karɓar haraji dukan abin da ya mallaka.

7.0 Inda Sawu Kan Ɓace

Ba kowane bincike ne ke kai wa ga ƙarni na 16 ba. Wasu takardu sun salwanta. Girgizar ƙasa ta 28 ga Disamba 1908 ta rushe Messina da Reggio Calabria, kuma a 30 ga Satumba 1943 sojojin Jamus suka ƙone tarin tsofaffin kundayen ma'ajiyar Napoli da aka kai wani gida kusa da Nola don gudun bama-bamai. A nan ne ake ganin amfanin yin kwafe biyu, domin idan na gari ya ɓata akan sami na kotu, ko a koma ga coci.

Wani wurin da sawu ke yankewa shi ne 'ya'yan tsintuwa. A gidajen renon jarirai na Italiya akwai wani akwati mai juyawa a jikin bango, inda mace za ta ajiye jariri ta juya shi ciki ba tare da an ga fuskarta ba. Ba a soke wannan tsari a dokance ba sai 1923. Kowane birni da sunan da yake ba irin waɗannan yara: Esposito a Napoli, Proietti a Rum, Innocenti a Florence, Colombo a Milan, Trovato a Sisili. Daga ƙarni na 19 aka koma ƙaga wa kowane yaro sunansa don kada a riƙa gane shi. Idan takarda ta ce ba a san iyaye ba, galibi nan ne ƙarshen wannan reshe, ko da yake akan rubuta kamannin tsumman da aka naɗe jaririn da shi, ko rabin wata alama da uwar ta bari da fatan wata rana za ta zo da sauran rabin.

Kuskuren da ya fi waɗannan duka yawa kuwa daga mai binciken yake fitowa, watau ya ga suna ya yi daidai, ya ɗauka ya sami kakansa. Tun da an ga yadda suna ɗaya ke yawo cikin dangi, ƙa'ida ita ce kada a karɓi mutum sai takardu biyu ko uku masu zaman kansu sun haɗu a kan sunan ubansa da na uwarsa da shekarar haihuwarsa. Kuskure ɗaya a nan yana sa duk abin da aka gina a kansa ya zama salsalar wani gida.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa hanyar a jere take. Ana farawa da abin da ke gida, a bi ta ƙidaya a san lokacin zuwa, a nemi takardar zama ɗan ƙasa da jerin jirgi a sami gari da ainihin suna, sa'an nan a shiga rajistar hukumar garin, daga nan zuwa kundayen coci. Ba ɗaya daga cikin waɗannan takardu da aka rubuta don amfanin jikoki. Coci tana lura da mabiyanta ne, gwamnatin Italiya tana neman soja da haraji, ta Amurka kuwa tana tantance wanda za ta bari ya shigo. Sanin dalilin da ya sa aka rubuta takarda shi ke nuna abin da za a yarda da shi a cikinta da abin da za a yi wa taka-tsantsan.

Wasu suna wannan aiki ne don neman zama 'yan ƙasar Italiya, domin dokokinta na 1912 da 1992 sun ɗora wannan haƙƙi a kan jini. A irin wannan nema ranar da kaka ya zama ɗan Amurka, idan aka gwada ta da ranar haihuwar ɗansa, tana iya yanke hukunci. A 2025 an yi dokar da ta ƙuntata wannan hanya, ta tsayar da ita kusan a kan 'ya'ya da jikoki. Amma mafi yawan masu bincike ba fasfo suke nema ba. Abin da suke samu shi ne sunan wani ƙauye, da sana'ar wani manomi ko ɗan ƙodago, da layin da akawu ya rubuta a ƙasan shafi cewa mai faɗar haihuwar bai sa hannu ba domin bai iya rubutu ba. Ga masu nazarin harshe da al'ada kuma, waɗannan kundaye shaida ne na yadda sunaye ke sauya kama idan sun shiga bakin wata al'umma, da yadda al'adar raɗin suna ke riƙe tarihin gida ko a inda mutanen gidan ba su iya rubuta shi da kansu ba.